Babi na Biyar: Jabu a Cikin Jirgin Yaƙi

A shekarar 2011, ofishin da ke bin diddigin yadda ake kashe kuɗin gwamnatin Amurka, wanda aka fi sani da GAO, ya ɗana wa dillalan kayan lantarki tarko. Jami'an ofishin suka ƙirƙiri wani kamfani na bogi, suka raɗa masa suna, suka buɗe masa shafin intanet, suka shigar da shi kasuwannin intanet inda ake cinikin kayan gyara. Daga nan suka shiga cigiyar ƙananan sassan lantarki irin waɗanda ake sawa a jiragen yaƙi da makamai masu linzami. Ɗaruruwan dillalai suka amsa cewa suna da kayan, mafi yawansu daga ƙasar Sin. Jami'an suka zaɓi masu araha, suka sayi kaya 16, suka kai ɗakin gwaji. Ko ɗaya ba a samu na gaskiya ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne guda 4 daga cikin 16 ɗin. Jami'an da gangan suka ƙago lambobinsu, lambobin da babu wata masana'anta a duniya da ta taɓa ƙera kaya da su. Duk da haka dillalai suka karɓi kuɗi, suka aiko da kaya ɗauke da waɗannan lambobi, an buga su tsaf a jiki kamar yanzu suka fito daga masana'anta. Wato kai dai faɗi abin da kake so a rubuta, su kuma su nemo abin da za su rubuta a kai.

Ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan soja ke nan aka yi wa haka. Yaya aka yi tarkacen bola ya ratsa ƙofa bayan ƙofa har ya isa gaban matuƙin jirgin yaƙi? Amsar tana cikin hannuwan da kayan ke bi, da takardun da ke rakiyarsu, da mutanen da suka gani suka yi gum.

Daga juji zuwa jirgi

Abin da ake magana a kai ɗan ƙaramin abu ne baƙi, wani bai kai farcen babban yatsa ba, da siraran ƙafafu na ƙarfe a gefensa. Masu gyaran waya suna kiransa aisi. Shi ne ke riƙe bayanai, shi ke lissafi, shi ke gaya wa na'ura abin da za ta yi. A jirgin yaƙi akwai dubbansa.

Na jabu yawanci tsoho ne da aka yi wa kwalliya. Ƙasashe masu arziki suna zubar da tsofaffin kwamfutoci da talabijin da wayoyi, a loda su a kwantena a kai su Hongkong, daga nan su tsallaka lardin Guwangdong da ke kudancin Sin, musamman yankin Shantou. A can talakawa ke ɗora allunan lantarkin a kan wuta har dalmar da ke riƙe da sassan ta narke, sannan a buga allon a ƙasa, aisi su zubo. Wani mai kamfanin gwajin kayan lantarki, Thomas Sharpe, wanda ya je yankin da ƙafarsa, ya shaida wa Majalisar Dattawan Amurka cewa a kogi ake wanke sassan, a shanya su a gefen titi, a ware su kashi-kashi bisa kamanninsu.

Bayan haka sai aikin kwalliya. A goge saman aisin da samfefa har tsohon rubutun ya ɓace. A shafa masa baƙin fenti mai kama da asalin jikinsa. A miƙar da ƙafafun da suka lanƙwashe, a tsoma su a sabuwar dalma su yi ƙyalli. Sai a buga sabon tambari, sabuwar lamba, sabon kwanan wata. Aisin da aka ƙera domin kwamfutar ofis, wanda ya yi shekara goma yana aiki, ya sha wuta ya sha ruwan kogi, sai ga shi a leda da shaidar cewa sabo ne fil, kuma na soja ne.

Wannan shaida ta soja tana da ma'ana. Aisin kasuwa an ƙera shi ya yi aiki tsakanin ma'aunin zafi 0 da 70. Na soja kuwa dole ya jure daga 55 ƙasa da sifili har zuwa 125, ya jure girgiza, ya jure danshin teku, domin jirgin da ya tashi daga hamada mai ƙuna cikin 'yan mintuna zai tsinci kansa a sama inda sanyi ya fi na ƙanƙara. Shi ya sa kuɗinsa ya ninka na kasuwa sau da yawa, kuma wannan tazarar farashi ita ce ribar mai jabu.

Mugun abin shi ne tsohon aisi yakan yi aiki. In an jona shi a ɗakin gwaji, a inuwa, cikin sanyin na'ura, sai ya amsa lafiya lau. Duk wanda ya taɓa sayen kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ya san irin wannan: tsohon famfon mai da aka wanke aka sa a sabon kwali zai tayar da mota a gaban bakanike, sai an yi nisa a daji da dare zai nuna halinsa. Bambancin kawai shi ne matuƙin jirgi ba shi da gefen hanyar da zai faka.

Abin da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa

Mai karatu zai ce, me zai hana soja sayen kayansa kai tsaye daga masana'anta? Amsar ita ce makami ya fi kayan cikinsa tsawon rai. Jirgin B-52 mai jefa bama-bamai ya fara tashi a 1952, an ƙera na ƙarshe a 1962, kuma har yau yana bakin aiki. Jirgin F-15 tun shekarun 1970 yake shawagi. Su kuwa masu ƙera aisi, kasuwar waya da kwamfuta suke bi, inda ake sauya samfuri bayan 'yan shekaru. Abin da soja ke saya ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da abin da kasuwar duniya ke lashewa, saboda haka ba kasafai kamfani zai ci gaba da ƙera tsohon samfuri don soja kaɗai ba. Ranar da wani aisi ya ƙone a jirgin da aka zana shekara talatin baya, sai a tarar masana'antar ta daɗe da daina yin irinsa, wani lokaci ma ita kanta ta rufe.

Sake zana na'urar domin ta karɓi sabon samfuri yana cin kuɗi da lokaci. Jirgi kuma yana ajiye, kwamanda yana jira. A nan ɗan kwangila ke juyawa ga dillalai masu zaman kansu, waɗanda ba wakilan kowace masana'anta ba ne. A cikinsu akwai masu gaskiya da ke sayen ragowar kaya su adana. Akwai kuma waɗanda ba su da komai sai kwamfuta da waya a ɗakin gidansu: a ba su oda, su leƙa intanet, su sayo daga duk wanda ya fi sauƙin farashi, su sauya kwali, su aika. Tsarin ba da kwangila ga mai mafi ƙarancin farashi ya ƙara musu ƙarfi, ga shi kuwa araha ba ta ado.

Sai kuma tsawon sarƙar. Babban kamfani ne ke karɓar kwangilar jirgi, amma ba shi ke ƙera komai ba. Yana ba wani aikin allon nuni, wannan ya ba wani aikin allon lantarkin ciki, wancan ya sayi aisi daga dillali, dillalin ya sayo daga wani dillali. Kowane hannu yana karɓar takardar shaidar inganci daga na bayansa, ya rubuta tasa ya miƙa gaba. Kafin kayan su isa sansanin soja, takardu sun yi tsiri, kowa ya sa hannu, amma wataƙila ba wanda ya buɗe aisin ya duba cikinsa.

Abin da Majalisar Dattawa ta tono

A watan Maris na 2011, kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai kula da harkokin soja ya fara bincike a ƙarƙashin Sanata Carl Levin da Sanata John McCain. Ɗaya ɗan Dimokurat ne, ɗaya ɗan Rifablikan, kuma McCain tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne da aka harbo a Biyetnam, ya san abin da ake nufi da mutum ya dogara da na'ura a sama. Rahotonsu ya fito a watan Mayu na 2012. A cikin shekara biyu kacal, 2009 da 2010, sun gano kimanin lamura 1,800 na kayan da ake zargin jabu ne, adadin sassan ya haura miliyan 1. Suka bi sawun fiye da 100 daga cikin lamuran zuwa tushe, sama da kashi 70 cikin 100 suka kai su ƙasar Sin. Da ma'aikatan kwamitin suka nemi izinin shiga ƙasar don gani da ido, aka hana su biza.

Lamura uku ne kwamitin ya baje a fili. Na farko ya shafi jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa, samfurin SH-60B. Yana da na'urar gani da dare, wadda kuma ke saita makami mai linzami. An samu sassan jabu a wata matatar lantarki da ke cikin na'urar. Da aka bi sawu, sai aka ga sun taso daga wani kamfani a Shenzhen, sun bi ta Ingila, sun shiga Amurka, har wani kamfani ya sayar da su a matsayin tarkace ga masu sarrafa bola, sannan suka sake fitowa a matsayin sababbi suka shiga kayan da aka kai wa kamfanin Raytheon. Ɗaya daga cikin na'urorin tana jikin jirgin da ke bakin aiki a tekun Fasifik sa'ad da aka gano.

Na biyu ya shafi allon da ke gaban matuƙin jiragen dakon kaya samfurin C-27J da C-130J, allon da ke nuna masa lafiyar inji da yawan mai da inda yake. Kamfanin L-3 da ya ƙera allon ya lura yana yawan lalacewa, ya bincika a ƙarshen 2010, ya tabbatar aisin da ke riƙe bayanai tsoho ne da aka sake wa rubutu. An riga an sa shi a ɗaruruwan alluna. Aisin ya fito ne daga wani kamfani a Shenzhen mai suna Hong Dark, wanda daga baya aka gano sassansa kimanin 84,000 sun shiga sarƙar kayan soja. Amma sai da aka yi kusan shekara kafin rundunar sojan sama ta sami labari, alhali wasu daga cikin jiragen suna Afganistan.

Na uku jirgin sintirin teku ne, P-8A, na kamfanin Boeing. A ƙarshen 2009 na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan ƙanƙara ta fara taruwa a jikin jirgi ta gaza a lokacin gwaji. Aka buɗe, aka tarar da tsohon aisi da aka yi wa kwalliya. Boeing bai sanar da sojan ruwa ba sai a watan Agusta na 2011, bayan fiye da shekara ɗaya da rabi.

A nan ne zuciyar maganar take. Mai ƙona allo a Shantou talaka ne da ke neman abin kai wa baki, bai san inda aisin zai ƙare ba. Mai buga tambarin ƙarya ɓarawo ne, ba musu. Amma injiniyoyin da suka riƙe sakamakon gwaji a hannu, suka san jirage na tashi da wannan kaya, suka bar takardar a durowa wata da watanni, su fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai rumbun bayanai da gwamnati da kamfanoni suka kafa, mai suna GIDEP, domin duk wanda ya ci karo da jabu ya sanar, saura su yi hattara. Kwamitin ya tarar mafi yawan lamuran ba a taɓa kai rahotonsu can ba. Kamfanoni na tsoron zubewar suna, suna tsoron shari'a, suna tsoron a ce su biya kuɗin gyara. Wani abin takaici kuma, a tsarin wasu kwangiloli na lokacin, gwamnati ce ke biyan kuɗin cire jabun da ɗan kwangila ya sa. Hukumar kariya daga makamai masu linzami ta kashe kimanin dala miliyan 2.7 wajen sauya sassan da ake zargi a kwamfutocin makamin THAAD. Mai laifi daban, mai biyan tara daban.

Idan takarda ce jabun

Kada mai karatu ya ɗauka matsalar daga ƙetare kaɗai take zuwa. A birnin Takoma da ke jihar Washinton akwai masana'antar narkar da ƙarfe, a da mallakar kamfanin Bradken, wadda ke zuba ƙarfen da ake ƙera jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku. Ƙa'idar sojan ruwa ita ce a gwada ƙarfin kowane zubi, har da gwaji a cikin sanyin da ya kai kusan 73 ƙasa da sifili, domin ƙarfen da ya yi tauri da yawa yakan tsage maimakon ya lanƙwashe idan ya yi karo. Shugabar sashen gwajin, Elaine Thomas, ƙwararriya ce da kowa ke girmamawa. Daga 1985 zuwa 2017 ta riƙa sauya sakamakon gwaji, ta mai da wanda ya faɗi ya zama ya ci, a zubi kimanin 240. Wani lokaci lamba ɗaya kawai take gyarawa da alƙalami a katin gwaji. Asirinta ya tonu ne lokacin da wani ma'aikaci da ake horarwa don ya gaje ta ya lura da kankare a katunan. Da masu bincike suka tambaye ta, ta ce a ganinta gwajin sanyin shirme ne.

Shekara 32 ana ƙera jirage da ƙarfen da mutum ɗaya ta yanke hukuncin cewa ya isa. Ba a sami jirgin da ya nutse saboda haka ba, amma sai da sojan ruwa suka kashe miliyoyin daloli suna bin jiragen ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin ya biya dala miliyan 10.9, ita kuma a 2022 aka ɗaure ta shekara biyu da rabi. A wannan lamari ƙarfen daga masana'antar gaskiya ya fito, a cikin ƙasa, hannun ƙwararru. Takardar ce ta ƙarya.

Shari'ar Onur Aksoy, wani ɗan kasuwa a jihar Fulorida, ta nuna girman da sana'ar ta yi. Ya buɗe kamfanoni aƙalla 19, da shaguna a Amazon da eBay, yana shigo da tsofaffin na'urorin haɗa kwamfutoci daga Sin da Hongkong waɗanda aka gyara aka lulluɓe da tambarin Cisco. Jami'an kwastam sun kama kayansa kusan sau 180 tsakanin 2014 da 2022, kamfanin Cisco ya aika masa wasiƙun gargaɗi sau bakwai, bai fasa ba. Kayansa sun shiga asibitoci da makarantu, sun kuma shiga tsarin da ke tallafa wa jiragen F-15 da F-22 da B-52. A watan Mayu na 2024 aka yanke masa shekara shida da rabi, aka kuma ɗora masa biyan Cisco dala miliyan 100. Shekara goma sha biyu ke nan bayan rahoton Majalisar Dattawa.

Rayukan da aka yi ciniki da su

A lokacin binciken Majalisar Dattawa, ma'aikatar tsaron Amurka ta ce ba ta da labarin sojan da ya rasa ransa saboda aisin jabu. Sai dai jirgin da ya faɗi ya ƙone ba ya barin shaida mai yawa, kuma na'urar da ta lalace a sansani yawanci cire ta ake yi a jefar, ba mai tambayar dalili. Inda aka tsaya aka bincika, an ga ƙarshen irin wannan ciniki.

A watan Satumba na 1989, wani jirgin fasinja na kamfanin Partnair ya tashi daga Oslo zuwa Hambug, ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 da ke ciki suka mutu duka. Masu bincike suka tsamo tarkacen daga teku, suka tarar uku daga cikin notuna huɗu da ke riƙe da wutsiyar jirgin na jabu ne, ba su kai ƙarfin da ake buƙata ba. A ido ba su da maraba da na gaskiya.

Mafi muni shi ne abin da wani ɗan Ingila, James McCormick, ya yi. Ya sayi wata 'yar na'urar wasa da ake tallata cewa tana gano ƙwallon golf da ya ɓace, kuɗinta bai wuce dala 20 ba, ya sauya mata fasali da suna zuwa ADE 651, ya ce tana gano bam daga nesa. Hannun roba ne da eriya mai juyawa, babu komai mai aiki a ciki. Yana sayar da guda har dala 40,000. Iraƙi ta kashe kimanin dala miliyan 85 a kanta, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka sayar wa. Sojoji da 'yan sanda suka riƙa tsayawa a shingayen Bagadaza suna kaɗa wannan roba a gefen motoci, motocin da ke ɗauke da bam suna wucewa. Kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 10 a 2013. Amma saboda manyan da suka ci rabonsu a cinikin, na'urar ta ci gaba da zama a shingaye har zuwa watan Yuli na 2016, lokacin da bam ya kashe fiye da mutum 300 a unguwar Karrada. Sai a sannan Firayim Minista Haider al-Abadi ya ba da umarnin janye ta.

Doka da gwaji

Cutar tsohuwa ce. A lokacin yaƙin basasar Amurka, 'yan kwangila sun sayar wa rundunar gwamnati albarushi gauraye da garin katako, da kakin da ke narkewa a ruwan sama na farko, da dawakan da aka sayar sau biyu ko uku. Wannan ya sa Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka a 1863 wadda har yau take aiki. Hikimarta ita ce ta ba duk wanda ya san ana cutar gwamnati damar shigar da ƙara da sunanta, in an ci shari'a a ba shi kaso. Bayan gyaran da aka yi mata a 1986, kason ya kama daga kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Masu dokar sun gane cewa irin wannan zamba na ciki ne ke ganinta: akawu, mai gwaji, mai ajiyar kaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Binciken Levin da McCain ya haifar da sashe na 818 na dokar kasafin tsaro da aka sa wa hannu a ƙarshen 2011. Ya wajabta wa manyan 'yan kwangila su sayi kaya daga masana'anta ko wakilanta na haƙiƙa muddin akwai, su kafa tsarin gano jabu, su kai rahoto in sun gani, kuma su ɗauki kuɗin gyara daga aljihunsu. Wanda ya yi fataucin kayan soja na jabu da saninsa yana iya shan ɗaurin shekara 20. A 2012 kuma hukumar da ke sayo wa soja kayan gyara ta fara neman a shafa wa wasu nau'o'in aisi wata alama ta ƙwayar halittar tsiro, wadda ke da wuyar kwaikwayo.

Gano jabu kansa ba sihiri ba ne. Mai gwaji yakan fara da auduga da sinadarin goge jan farce: ya shafa a saman aisin, in audugar ta yi baƙi, fenti ne. Ya sa a madubin ƙara girma ya nemi sawun samfefa, ko ƙafar da ke ɗauke da tsohuwar dalma. Ya ɗauki hoton eksire ya ga ko cikin sassan da ke da lamba ɗaya iri ɗaya ne. Ya narkar da murfin guda ɗaya da sinadari ya karanta sunan da ke jikin ƙwayar ciki. Ya gasa wasu, ya daskarar da wasu, ya ga ko za su ci gaba da aiki. Masu jabu suna ƙara wayo, suna yin fentin da sinadari ba ya gogewa, amma har yanzu mafi yawan kayansu ba sa tsallake cikakken gwaji. Inda suke samun hanya shi ne inda aka ga gwajin ya yi tsada, ko ya ɗauki lokaci, aka ce takarda ta wadatar.

Idan haka ta faru da ƙasar da ke da ɗakunan gwaji, da majalisar da ke iya kiran shugabannin kamfanoni ta titsiye su, da kotunan da ke ɗaure masu laifi, to ƙasashen da ke sayen tsofaffin makamai ta hannun 'yan tsakiya sun fi kusa da haɗari. A Nijar, binciken da aka yi wa kwangilolin ma'aikatar tsaro, wanda ya fito a 2020, ya nuna asarar kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Inda za a iya biyan kuɗin kayan da ba su zo ba, wa zai tsaya duba ingancin waɗanda suka zo?

Soja ba ya zuwa kasuwa, ba ya taya farashi, ba ya ganin rasit. Abin da aka miƙa masa shi yake ɗauka ya nufi inda kowa ke gudu. Saboda haka kayan da ke hannunsa amana ce a wuyan duk wanda suka bi ta hannunsa, tun daga dillali har mai sa hannun ƙarshe. Sirrin tsaro yana iya rufe yawan makamai da inda aka girke su, amma ba hujja ba ce ta hana a tambayi wa ya kawo kaya, daga ina, kuma wa ya gwada. Wakilan jama'a su riƙa yin waɗannan tambayoyi, doka ta kare ma'aikacin da ya ga ɓarna ya faɗa, kuma wanda ya san kaya jabu ne ya yi shiru a hukunta shi tare da wanda ya kawo su.